SHARHI: Yadda Cinikin Wasan Karon Motoci Ya Bunƙasa, Ya Kuma Durƙushe

A watan Oktoba na shekarar 1995, makonni kaɗan bayan da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya shigar da na'urarsa ta wasan bidiyo mai suna PlayStation cikin kasuwannin Amurka da Turai, wani kamfani da ke birnin Liverpool ta ƙasar Ingila, wato Psygnosis, ya fitar da wani faifan wasa da ake kira Destruction Derby. Kafin shekarar 1996 ta ƙare an riga an sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya na wannan faifai, abin da a wancan zamani ba kowane wasa ke samu ba. Shekaru tara bayan haka, wato a 2004, aka fitar da na biyar kuma na ƙarshe a jerin wasannin da ke ɗauke da wannan suna, tun daga nan kuwa ba a sake jin ɗuriyar wani sabo ba. Ko shakka babu akwai abin dubawa ga 'yan kasuwa a cikin wannan tarihi, domin hajar ba ta mutu saboda jama'a sun daina sha'awarta ba. Abin da ya kashe ta shi ne an raba sunanta da hannayen da suka ƙera ta, kowanne ya kama gabansa.

Kafin a shiga batun ciniki, ya kamata mai karatu ya san asalin abin da aka kwaikwaya. Karon motoci wasa ne na zahiri da ya yi ƙarfi a Amurka, musamman a wuraren baje kolin amfanin gona na ƙananan hukumomi. Akan tara akwalar motoci da suka gama aiki, a cire musu gilasai da kujerun baya da duk abin da zai iya raunata direba, sa'an nan a zuba su cikin fage guda su yi ta karo da juna har sai mota ɗaya ce ta rage tana motsi, mai ita shi ne gwani. Ana yawan danganta bunƙasar wasan da wani direba mai suna Larry Mendelsohn, wanda ya fara shirya shi a filin tseren Islip da ke jihar New York a ƙarshen shekarun 1950, bayan da ya lura cewa 'yan kallo sun fi tashi tsaye idan an yi karo fiye da idan an yi nasara. Daga baya gidan talabijin na ABC ya riƙa nuna gasar ga ƙasa baki ɗaya. Turawan Ingila su ma suna da irin nasu, inda ake tseren tsofaffin motoci a da'ira tare da halatta bangaza. Gwanayen wannan fage sun san cewa gaban mota shi ne lagonta, domin can inji da lagireto suke, saboda haka mai wayo da ribas yake kai hari, ya ba abokin karawa baya, ya adana gaba.

Wannan ne wani ƙaramin kamfani da ke birnin Newcastle a arewacin Ingila, mai suna Reflections, ya ɗauko ya zuba cikin na'ura. Martin Edmondson, ɗaya daga cikin mutane biyun da suka kafa kamfanin a 1984, mutum ne da ya taso da son kallon irin wannan wasa, kuma kamfaninsa ya riga ya yi suna tun 1989 da wasan Shadow of the Beast, wanda shi ma Psygnosis ne ya buga ya rarraba. Ke nan tun farko aikin a rabe yake gida biyu: maƙera suna Newcastle, masu jari da talla da rarrabawa suna Liverpool. Shi kuma Psygnosis tun shekarar 1993 ya zama mallakar Sony, wanda ke neman wasannin da za su nuna wa duniya abin da sabuwar na'urarsa za ta iya.

A nan ne gwanintar maƙeran ta bayyana, kuma wuri ne da ya cancanci a daɗe a kansa. Babbar ma'ajiyar PlayStation ba ta wuce megabayit biyu ba, wato abin da hoto ɗaya na wayar hannu ta yau yakan zarce. Duk da haka Reflections ya yi niyyar zuba motoci ashirin a fage guda, kowacce tana lotsewa daidai inda aka buge ta, hayaƙi na tashi, tarkace na warwatsuwa. Don cim ma wannan buri sai suka haƙura da abin da sauran kamfanoni ke tinƙaho da shi. Ba su ƙera motoci iri-iri ba, siffa ɗaya suka yi wa dukkansu, fenti da lamba kawai suka bambanta su. Hanyoyin tseren kuma suka yi su gajeru, matsattsu, wata ma a giciye, yadda na gaba da na baya tilas su haɗu a mararraba, domin kada a ɗauki lokaci ba a yi karo ba. Haka zalika suka sa ɓarna ta zama tana da sakamako: wanda aka doka a gefe sitiyarinsa ya riƙa ja, wanda ya yawaita kai hari da goshi injinsa ya yi zafi ya mutu. Maki kuma ana samunsa ne gwargwadon yadda ɗan wasa ya wulwula motar abokin karawarsa, ko kwatan zagaye, ko rabi, ko cikakke. Akwai kuma wani fage mai kama da kwano, wanda babu hanya a cikinsa balle layin ƙarshe, motoci ashirin ne a jere a da'ira suna fuskantar tsakiya, da an ba da izini sai kowa ya taka totur.

Mujallun wasanni na lokacin sun yaba, ko da yake ba su rufe ido ga aibu ba. Sun koka da ƙuncin hanyoyin, da kuma cewa mutum biyu ba za su kara a talabijin ɗaya ba sai an haɗa na'urori biyu da waya, kowa da talabijin ɗinsa da faifansa, abin da gidaje kaɗan ne ke da halinsa. To amma masu saye ba su damu ba, domin sun ga abin da ba su taɓa gani ba.

Wani abin lura ta fuskar ciniki shi ne, wannan haja ta tsaya ne a wurin da manyan abokan hamayyarta ba sa iya takawa. Kamfanonin ƙera motoci sun daɗe ba sa son a nuna motocinsu a ragargaje, ko da a cikin wasa ne, kuma duk mai son sa sunan mota ta gaskiya a faifansa sai ya biya kuɗin izini ya kuma bi sharaɗinsu. Shi ya sa wasan Gran Turismo, wanda Sony ya fitar a Japan a 1997 da motoci na gaskiya masu ɗimbin yawa, mota kan daki katanga da gudu ta fito sumul ko ƙwarzane babu. Motocin Destruction Derby kuwa ba na kowa ba ne, babu wanda za a biya, babu wanda zai hana. Rashin nan shi ne jarinsa.

A ƙarshen shekarar 1996 maƙeran Newcastle suka fito da na biyu, kuma a bayyane yake cewa sun saurari koke-koken masu saye. Sun faɗaɗa hanyoyin, sun tsawaita su, sun sa tudu da gangare yadda mota kan tashi sama ta kife, murfin inji da taya su fice, sun kuma ƙara wurin tsayawa a yi gyara a tsakiyar tsere. An zarge shi da tsananin wuya, an kuma yi takaicin cire damar karawar mutum biyu, amma ya samu karɓuwa ƙwarai, har yau kuwa da yawa daga masu bin tarihin wasannin suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar jerin.

Daga nan ne hanya ta rabu. A ƙarshen shekarar 1998 wani kamfanin Amurka mai suna GT Interactive ya saye Reflections. Mutanen suka tafi da iliminsu na yadda mota ke juyawa da yadda ƙarfe ke lotsewa, suka zuba shi cikin wani sabon wasa mai suna Driver, wanda ya fito a 1999 ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a kan PlayStation. Sunan Destruction Derby kuwa ya zauna a Liverpool, domin mallakar mai rarrabawa ne. Wato Sony, wanda ke da kuɗin da zai iya sayen wannan ƙaramin kamfani ba tare da aljihunsa ya girgiza ba, ya zuba ido wani ya ɗauke masu sana'ar, shi ya riƙe allon shago.

Abin da ya biyo baya shi ne yawon neman wanda zai riƙe amanar sunan. A 1999 aka ba da hayarsa ga kamfanin THQ, wanda ya sa Looking Glass Studios na Amurka ya ƙera Destruction Derby 64 don na'urar Nintendo, abokiyar gabar PlayStation. Looking Glass gwanaye ne a nasu fagen, amma fagen nasu wasannin leƙen asiri da na tuƙin jirgin sama ne, kuma a watan Mayun 2000 kamfanin ya rufe saboda matsalar kuɗi. A shekarar 2000 ɗin aka miƙa aikin ga Studio 33 na Liverpool, wanda ya fitar da Destruction Derby Raw, inda aka ƙara yawan motoci da filaye, har da karawa a kan rufin dogayen benaye, wanda aka ture ya faɗo ƙasa ya fita. Wasan bai yi muni ba, sai dai ya zo ne a daidai lokacin da hankalin jama'a ya koma kan PlayStation 2. Na ƙarshe, Destruction Derby Arenas, ya fito a 2004 daga hannun Studio 33 ɗin dai, kamfanin da a lokacin Electronic Arts ya riga ya saye tun 2003. An cusa masa direbobi masu labarin ƙirƙira da kyaututtukan tsinta a hanya da tarkuna iri-iri, aka kuma yi tallar cewa mutum ashirin za su iya karawa ta intanet, amma nauyin mota da zafin karo, waɗanda su ne ainihin abin da aka sayar wa mutane a 1995, suka yi ƙaranci. Masu sharhi suka ba shi maki matsakaici ko ƙasa da haka. A Amurka ma ba Sony ne ya rarraba shi da kansa ba, wani kamfani mai suna Gathering aka bar wa, alama ce kuwa da ba ta buƙatar fassara.

Tilas ne a yi adalci ga masu ganin cewa ba sauyin hannu ne ya jawo wannan faɗuwa ba. Hujjarsu ita ce kasuwa ta canza. A 1995 ganin mota tana lotsewa abin mamaki ne, amma zuwa 2004 wasanni irin su Burnout da Grand Theft Auto suna ba da karo da ɓarna a matsayin gyara a kan wata babbar haja, don haka wa zai biya cikakken farashi saboda karo kaɗai? Suna kuma iya ƙarawa da cewa su kansu maƙeran Newcastle ba ma'asumai ba ne, domin Driver na uku da suka fitar a 2004 ya sha suka mai tsanani saboda kurakuran da aka bari a cikinsa. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai tarihin wani jeri na dabam, wanda ya taso a daidai shekarar da wancan ya kwanta, ya raunana hujjar farko ƙwarai da gaske.

A birnin Helsinki na ƙasar Finlan akwai wani kamfani mai suna Bugbear, wanda aka kafa a shekarar 2000. Mutanen Finlan suna da nasu tseren akwalar motoci na talakawa, mai wata ƙa'ida ta ban sha'awa: bayan tsere kowa na da ikon taya motar wani a kan ƙayyadadden farashi, mai ita kuma ba shi da ikon ƙi, don kada mai kuɗi ya narka dukiya a mota ya fi ƙarfin sauran. Daga cikin irin wannan al'ada Bugbear ya fitar da FlatOut a 2004, wani kamfanin Ingila mai suna Empire Interactive ya rarraba. Wasan ya dawo da nauyin mota da ɓarna mai sakamako, ya kuma ƙara wani abin dariya, wato direba kan fice ta gilashin gaba idan karo ya yi tsanani, abin da ya sa a Jamus aka musanya mutanen da gumakan gwajin haɗari. FlatOut 2 na 2006 da wanda aka sabunta a 2007 sun samu yabo da ciniki. Ke nan masu sha'awar karon motoci ba su ƙare ba a 2004, mai ba su abin da suke so ne ya yi ƙaura.

Abin mamaki, sai ga tarihi ya maimaita kansa kusan ƙafa da ƙafa. A 2009 Empire Interactive ya karye, haƙƙin sunan FlatOut ya shiga cikin kadarorin da aka yi gwanjonsu, ya bi ta hannaye daban-daban, Bugbear kuwa ba shi da ta cewa domin sunan ba nasa ba ne. A watan Disamba na 2011 wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Team6 ya fito da FlatOut 3. A shafin Metacritic, wanda ke tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici, wasan ya samu 23 cikin 100, wanda ya sa shi cikin mafiya ƙasƙanci da aka taɓa gani a wasannin kwamfuta. Waɗanda suka saya sun biya kuɗinsu ne saboda sunan da suka sani, suka buɗe suka tarar da wani abu dabam, kama da wane kuwa ba ta wane. Lokacin da wani kamfanin Faransa, Kylotonn, ya fitar da na huɗu a 2017, aikinsa ya fi na Holan nesa ba kusa ba, amma amanar da aka ci a 2011 ba ta dawo ba.

Kada kuma a ɗauka cewa maƙerin da aka raba da sunan hajarsa ya tsira lafiya. Wannan shi ne ɓangaren da masu yabon gwaninta kan tsallake. Bugbear ya so ya ci gaba da sana'arsa, amma ba shi da tambarin da jama'a suka sani, ba shi da mai zuba jari, har sabon wasan nasa ya daɗe ba shi da suna na kirki, ana kiransa Next Car Game, wato wasan mota na gaba. A watan Nuwamba na 2013 kamfanin ya nemi gudummawar dala 350,000 daga jama'a ta dandalin Kickstarter, amma bai samu ko dala 100,000 ba, sai ya janye roƙon. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da ya cece shi shi ne wani ɗan samfuri da ya saki, wanda a cikinsa mutum zai iya jefa mota cikin injunan niƙa da manyan guduma ya ga yadda ƙarfe ke naɗewa. Da mutane suka gani da idonsu sai suka yarda su yi cinikin biri a sama, suka riƙa biya tun wasan bai kammala ba, ta dandalin Steam daga watan Janairun 2014. Duk da haka sai a watan Yuni na 2018 aka gama shi da sunan Wreckfest, wato fiye da shekaru huɗu kamfanin na tafiya a bakin rami, masu biya kuma na gunaguni. Wasan ya samu yabo mai yawa, aka kai shi na'urorin PlayStation 4 da Xbox One a 2019, amma kafin nan, a watan Nuwamba na 2018, kamfanin THQ Nordic ya saye kashi 90 cikin 100 na hannun jarin Bugbear. Gwanintar ta yi nasara, 'yancin kamfanin ne ya tafi.

Idan aka auna waɗannan labarai biyu, za a ga cewa hasarar ta faɗa kan kowane ɓangare, kuma tushenta yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun ranar farko. A tsarin da aka saba bi a shekarun 1990, mai rarrabawa shi ke biyan kuɗin aiki, don haka shi ke riƙe suna, maƙeri kuma ya karɓi ladansa da wani kaso na riba. Tsari ne mai hujja, domin wanda ya ɗauki kasadar kuɗi yana da haƙƙin ya riƙe wani abu. Kuskuren masu jari shi ne ɗaukar da suka yi cewa suna kadara ce irin fili ko gini, wadda za a iya kulle ta a sito, ko a ba da hayarta ga duk wanda ya taya, darajarta na nan yadda take. Alhali kuwa suna alkawari ne tsakanin mai haja da mai saye, cewa abin da ka samu jiya shi za ka samu gobe ko wanda ya fi shi, kuma masu iya cika wannan alkawari mutane ne ƙididdigaggu masu ƙafafun tafiya. Yadda mota ke amsa sitiyari a cikin wasa, da yadda karo ke ratsa hannun mai riƙe da abin sarrafawa, abubuwa ne da ake daidaitawa ta hanyar gwaji na watanni, ba a rubuta su cikin takardar mallaka, ba a kuma miƙa su ranar da lauyoyi suka kammala ciniki. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna ya fahimci haka a 2006, lokacin da ya biya yuro miliyan 19 ya sayi sunan Driver tare da ma'aikatan Reflections gaba ɗaya, bai yarda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya ba.

Shi kuwa Sony, a watan Agusta na 2012 ya rufe reshensa na Liverpool, wato tsohon Psygnosis. A 2018 ya sa Destruction Derby na farko cikin wasanni ashirin da ya zuba a wata ƙaramar na'urar tuna baya mai suna PlayStation Classic, shaida ce cewa ya san matsayin wasan a tarihinsa. Amma da ya tashi komawa fagen karon motoci a kan PlayStation 5, bai ɗauko tsohon sunan ba. Wani kamfanin Liverpool mai suna Lucid Games ya ƙera masa Destruction AllStars, wanda da farko aka sa wa farashin kusan dala 70, daga baya aka ɗage fitowarsa zuwa watan Fabrairun 2021, aka raba shi kyauta na wata biyu ga masu biyan kuɗin rajistar PlayStation Plus, sa'an nan aka mayar da farashinsa kusan dala 20. A watan Maris na 2025 kuma Bugbear ya fara sayar da Wreckfest 2 ga masu son biya tun kafin a kammala, wannan karon da sunan da shi ya raɗa, a ƙarƙashin kamfanin da ya mallaki sunan da maƙeran a wuri guda.